Jirgin Da Muka Ja Da Kamiyo

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen Gaya ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta bakin gulbi sai wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Sofer, a kawo igiya?" Ni kuwa sai in ɗaga masa hannu in ƙara sauri, don ba ni da bakin ramawa.

Lokacin Nasara bai tafi ba, ba a kuma yi gada ba tukuna. Ni sofer ne, wato direba, ina jan kamiyon wani Alhaji, babbar motar kaya, muna ɗauko gujiya daga gabas mu kai Paraku bakin jirgin ƙasa, mu komo da gishiri da atamfa. In dai maganar mota ce, ba yabon kai ba, babu mai koya mini komai a tashar Gaya. Daga nesa nake jin tarin moter, wato inji, in faɗa maka ciwonsa. Aibina ɗaya ne, tsoron ruwa. Ni mutumin tudu ne, daga can wajen Dogon Dutsi, inda babban ruwan da na sani shi ne na rijiya, shi ma da guga muke gaisawa. Duk ranar da za mu ƙetare zuwa Malanbil, da na hau da kamiyo bisa bak (faffaɗan jirgin nan da ke ƙetarar da motoci) sai in ja birki, in runtse ido, in kama salati har sai na ji mun dungure ƙasar Dahome. Ni a zatona babu wanda ya sani. Ashe har masu tallan ƙosai sun sani.

Sai Allah ya haɗa ni da Bibata. Bazawara ce, 'yar Dandi, tana soya kifi a mashigi inda muke jiran bak. Na fara da sayen kifi don yunwa, na koma saye ko na ƙoshi, har ta kai ina barin motocin da ke bayana su shige gabana. Ita ma ba ta ƙi ni ba, don kullum ni ake ajiye wa tsokar tsakiya. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ubanta, Baba Hamani, babban masunci, wanda kakanninsa duka a kan ruwa suka rayu. Da na aika manya neman aure, sai ya ce in zo da kaina. Na same shi yana ɗinkin taru, bai ko ɗago kai ba ya ce:

"Sofer, ban ƙi ka ba. Amma ɗiyata cikin jirgi anka haihe ta. In ta hwaɗa ruwa, wa ka hidda ta? Kai da kake ruhe ido bisa bak?"

Ya ce in saurare shi har ruwan fari na damina ya sauka, sannan zai ba ni amsa. A hanya na ji labarin akwai wani ɗan ƙanensa, mai jirgi, ƙato mai faɗin ƙirji, da shi ma yake nema. Ranar ko abinci ban iya ci ba, domin wallahi ina son matar nan.

Ana haka na je Paraku na iske wani Nasara na kamfanin gujiya zai koma ƙasarsu, yana sayar da tarkacensa. Cikin kayan akwai wani ɗan jirgi fari, da ƙaramin moter da ake maƙala masa a baya. Ina ganinsa dabara ta faɗo mini. In dai akwai moter, ai ruwa ya zama hanya, hanya kuwa tawa ce. Nasara ya nuna mini yadda ake tada shi. Moter ɗin yana maƙale a bakin wani tano, wato ganga irin ta man mota, cike da ruwa. Ya naɗe 'yar igiya a kansa, ya fizga, sai ga shi ya ɗauka yana kuka. Mutumin nan ya yi ta bayani, ya nuna moter, ya nuna tano, ya sake nuna moter. Ni kuwa ina ta "wi mushe, wi mushe", wato "to, ranka ya daɗe" a harshen Nasara, hankalina na can bakin gulbi ina hango fuskar Baba Hamani. A raina cewa nake, ni da nake kwance moter ɗin kamiyo in mayar, wannan ɗan mitsitsin za a koya mini? Da aka zo lodi na tuntsurar da tano, na zubar da ruwan don kaya su yi sauƙi.

Abokina Jibo shi ya taya ni shiri. Shi ma sofer ne, mutumin Bengu, kuma tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce da ni "kada ka yi" ba. (Kowa yana buƙatar aboki irin Jibo, amma kada ya zama shi kaɗai gare ka.) Muka sauke jirgi a tsakar gidan da nake haya, muka zagaya shi, muka yarda cewa Nasara bai san daɗin abin hawa ba. Muka shafe shi da fenti kore da ja, aka rubuta masa "Sarkin Hanya" a gefe. Muka ɗaura masa madubi. Muka ɗaura ƙahon roba mai fam-fam. Muka ciro kujerar wata tsohuwar mota muka kafa a gaba don Baba Hamani. Jibo ya ce ba a tafiya ba tayar sauyi, aka ɗaure taya ɗaya a ciki. Ni kuma na ƙara da katakon nan da ake tokare taya da shi in an tsaya a gangare. Kada ka tambaye ni tayar da za a sauya, ko wadda za a tokare. Mu dai mun san mota ba ta fita haka nan tsirara.

Sai maganar moter. Duk sofer na ƙwarai ya san ba a ɗaukar hanya da moter mai sanyi, kuma wanda ya daɗe a ajiye sai an riƙa ɗumama shi ya saba. Don haka na maƙala shi a bakin tanonsa, yadda na gani wajen Nasara, sai dai ban zuba ruwa ba don kada ya yi tsatsa. Kullum da safe in tada shi, da la'asar in tada shi. Kukansa cikin tanon da ba kowa ya fi na kamiyo, har kajin unguwa suka ƙaura. Jama'a suka riƙa zuwa kallo, masu jirage, mata daga kasuwa, gardin kumandan (dogarin Nasaran da ke mulkin gari), har wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da bai taɓa amsa gaisuwata ba. Duk wanda ya yi sallama sai na tada masa moter, kamar yadda ake kawo wa baƙo ruwa. In ka leƙa cikin tano ka ga 'yar fankarsa tana juyawa har ba a ganinta. Kaina ya kumbura, hulata ma ta fara matse ni.

Gaskiya na lura yana zafi. Yakan yi zafin da ba a iya taɓa shi, yana wari, fentinsa yana ɗagowa. Na bi shi lungu-lungu ina neman inda ake zuba masa ruwa kamar na mota, ban samu ba. Na kira Jibo na ce, "Ka ga aikin Nasara? Sun yi moter da ba shi shan ruwa." Jibo ya girgiza kai ya ce, "Mutanen nan sai dai lahira." Ana gobe fita, da la'asar, yana cikin kuka sai ya yi tari, ya yi wata 'yar ƙara, ya ɗauke da kansa. Jibo ya ce gajiya ce, a bar shi ya huta. Muka lulluɓe shi da bargo.

Na riga na aika wa Baba Hamani cewa ran kasuwar Malanbil ni zan ƙetarar da shi, kuma kafin ya gama tauna goro mun isa. Ya aiko da cewa zai zo ya gani.

Da gari ya waye muka ɗora jirgi bisa wani amalanke da muka haɗa da tsoffin tayoyi, muka ɗaure shi a bayan kamiyon Jibo. Na sa sabuwar riga fara, na hau cikin jirgi na zauna, Jibo ya ja mu. Maimakon mu miƙe zuwa gulbi sai muka bi ta tasha, muka ratsa kasuwa, muka zagayo ta gaban barikin kumandan, muka sake ratsa kasuwa don waɗanda ba su gani ba. Ina matsa ƙaho, fam-fam, ina duba fuskata a madubi, ina ɗaga wa mutane hannu. Makaɗa suka ji labari suka biyo mu, mata na guɗa, wani maroƙi yana kirana angon ruwa. Ban taɓa jin daɗin jirgin ruwa irin na wannan lokacin ba, kuma na san dalili, a tudu yake.

Bazara ce, ruwa ya ja baya ya bar fili mai tauri a bakin gulbi, har mota na iya bi. Masunta suka kama mana aka sauke jirgi aka sa shi a ruwa, aka maƙala moter. Sai ga Baba Hamani da babbar riga da rawani. Ya dubi madubi, ya dubi taya, ya ɗauki katakon tokare ya juya shi, ya mayar a hankali. Ya yi mini sannu irin ta Dandi ya ce, "Fofo, Sofer, ka yi aiki," ya shiga ya zauna a kujera ya jefa goro a baki. Can gefe na hango Bibata ta bar kaskonta ta zo, ta rufe baki da gefen zane. Na yi bisimilla na sa ƙafa. Jirgi ya yi wani lilo, na cafke gefensa na zauna. Aka tura mu muka ɗan rabu da gaɓa.

Na naɗe igiya yadda na saba, na dubi jama'a, na fizga. Shiru. Na sake naɗewa na fizga har kafaɗata ta amsa. Ko tari bai yi ba. Na cire buji, wato fulogi, na goge da sabuwar rigata, na hura, na mayar. Na leƙa esansi, wato man da yake sha, ga shi nan cike. Na fizga, na fizga, gumi ya jiƙa ni. Kiɗa ya riƙa raguwa har ya mutu. Sai ga ƙaton nan, ɗan ƙanen Baba Hamani, ya matso da jirginsa yana murmushi, ya miƙo mini filafili ya ce, "Ungo wanga, shi ba shi son esansi." Baba Hamani ya ce, "Sofer, bari mu sauka, wata rana a gwada."

In da na sauka a nan, da ƙaramar kunya na ji. Amma sai Jibo ya haɗa hannu a baki ya ƙwalo mini kira daga gaɓa, "Kai, mi kake jira? Ai sai turi!"

Wallahi ji na yi kamar an ɗauke mini dutse a ƙirji. Ai kuwa! Motar da ta ƙi tashi tura ta ake yi, in ta sami gudu ta ɗauka. In ta fi ƙarfin turi a ja ta da wata. Wannan ko yaron mota na jiya ya sani. Tun da ba mai iya gudu cikin ruwa, muka yanke a ja. Aka ƙuƙƙulla igiyoyin da muke ɗaure buhunan gujiya suka yi tsawo, aka ɗaura baki ɗaya a hancin jirgi, ɗayan a bayan kamiyo. Jibo zai bi bakin gulbi da gudu, ruwa ya juya fanka, fanka ta tada moter. Muka yi alkawari ba zai tsaya ba sai ya ji ƙahona. Na ce da Baba Hamani, "Baba, ka riƙe da kyau, wanga aikinmu ne na kullum." Ya dube ni, ya dubi igiya, ya gyara zama. Har yau ban san abin da ya hana shi sauka ba.

Jibo ya ba ta wuta. Igiya ta ɗago daga ruwa ta miƙe, jirgi ya yi wata zabura, ƙahon roba ya yi tsalle ya faɗa gulbi. Ina kallonsa ya tafi.

To amma jama'a, mun yi gudu! Jirgin nan ya ɗaga hanci, ruwa ya tsage biyu, iska ta cika mini riga. Na danne hannun moter na karkata mu daga gaɓa, muka miƙe sambal. Mutane suka ɗauka moter ne ya tashi, kiɗa ya ɓarke, gari duka ya biyo mu da gudu. Rawanin Baba Hamani ya warware yana kaɗawa a bayansa har yana marina. Na zaci zagi zai fara, sai na ji tsohon nan yana ƙyalƙyata dariya yana buga gefen jirgi yana kabbara da harshen Dandi, "Irkoy beri! Ƙara, Sofer, ƙara!" Mutumin da ya tsufa yana tuƙi da filafili bai taɓa sanin gulbinsu na iya wucewa da sauri haka ba. Ni ma abin ya ɗebe ni, na manta da tsoro, ina ihu ina ɗaga hula. Ni kaɗai na san moter ɗin shiru yake kamar turmi. A gaɓa kuwa igiya tana ta share abin da ta samu, zannuwan da mata suka shanya, tabarmin kifi, ƙwaryar wata mai fura. Jibo bai san ana yi ba, shi ƙaho yake jira.

Ban ga tudun yashin ba, don a ƙarƙashin ruwa yake, ruwan kuma ja ne. Sai dai na ji gum! Jirgi ya tsaya cik, igiya ta tsinke, kujera ta tuntsura. Da na ɗago kai babu Baba Hamani. Rawaninsa kawai na gani yana yawo a kan ruwa.

Ban yi tunani ba. Da na yi, da ban motsa ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne na kashe uban Bibata. Na runtse ido na tsunduma.

Ruwa ya shiga mini hanci da baki. Na kama lalube ina shure-shure, har na cafko ƙafar mutum, na rungume ta da iyakar ƙarfina. Duk sanda kaina ya ɗago sai in ƙwala ihu, "Baba na riƙe ka! Baba riƙe ni!" Na yi kalmar shahada da ƙarfi. Na shiga wasiyya, a gaya wa Alhaji birkin baya na son gyara, a gaya wa Bibata na mutu ina sonta. (Wannan ta ƙarshe na faɗe ta fiye da sau ɗaya, kuma an ce har masu jiran bak sun ji.) Ina cikin haka sai na ji an kama wuyan rigata, wata murya a sama ta ce:

"Sofer. Tashi tsaye."

"Ba ni iyawa, Baba, na nutse!"

"Tashi tsaye na ce, kuma sake mini ƙahwa."

Na miƙa ƙafa, sai na ji yashi. Na miƙe. Na buɗe ido. Ruwan bai kai mini gwiwa ba. Baba Hamani yana tsaye yana matse gemu. Can gabanmu, ta wajen zurfi, wata tsohuwa ce a duƙe tana wanke tukunya, ta tsaya tana kallona. Kusa da ita jaki yana shan ruwa.

Sai gaɓa ta fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Makaɗa sun zube a ƙasa, gardi ya jingina da bindigarsa yana share hawaye, ƙaton nan har ya kusa kifar da jirginsa. Na nemi Bibata da ido, na gan ta durƙushe ta kife kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko ita ruwa ya rufe ta. Jibo kuwa sai da wani mai keke ya bi shi ya tsai da shi can wajen gonakin albasa, yana jan guntun igiya da zanen wata mata.

Na kulle kaina a ɗaki na ce ba ni da lafiya. Da abin ya ishe mu, ni da Jibo muka kwance moter, muka iske cikinsa ya ƙone ya manne. Can ƙasa kusa da fanka muka ga wasu 'yan ramuka, da siririn bututu da ya hau sama. Muka bi bututun da ido, muka dubi juna, muka juya muka dubi tano. Ashe daga gulbi yake shan ruwansa, shi ya sa ba shi da wurin zubawa. Duk kwanakin nan gasa shi nake yi safe da yamma, ina kiran mutane su zo su gani.

Ruwan fari bai ko sauka ba Baba Hamani ya aiko kirana. Na tafi ina jan ƙafa, na san amsar. Na same shi da tarunsa, na durƙusa na gaishe shi. Ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta ƙwace masa, sai da ya sha ruwa. Sannan ya ce:

"Na tambaye ka wa ka hidda ɗiyata in ta hwaɗa ruwa. Yanzu na sani, ba kai ba ne. Ita za ta hidda kai."

Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ajiye taru. "Amma ji nan. Mu da munka iya ruwa, in munka hwaɗa don wani, riga kaɗai muka jiƙawa. Kai kuwa ka ɗauka mutuwa za ka yi, kuma ka tsunduma don ni. Ban ga wani ya biyo ka ba, har mai hwaɗin ƙirjin. Ka turo manyanka."

Hawaye suka cika mini ido, na yi godiya na tashi. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya rage murya ya ce, "Wanga abokin naka, Jibo. Ka ce mishi in ya samu hutu ya zo da igiyar. Na san wurin da ba yashi."

Mun tsufa tare da Bibata, kuma har yau in na ɗauki bokiti zan shiga wanka sai ta ce, "Malam, in ka ji za ka nutse, ka tashi tsaye." Ni dai abin da na koya biyu ne. In an sayar maka da abu a cikin ruwa, ka tafi da ruwan. In kuwa ka ga mutuwa ta zo, kafin ka fara wasiyya a gaban mutanen gari, ka miƙa ƙafa ka taɓa ƙasa tukuna.